Yadda Gwamnatin Jiha Za Ta Sauƙaƙa wa Talakan Katsina Kuɗin Asibiti

A yawancin gidajen karkarar Katsina, idan ciwo ya kwantar da mutum, kafin a yi maganar asibitin da za a kai shi sai an fara shawarar abin da za a sayar. Wani lokaci akuyar uwargida ce ke tafiya kasuwa, wani lokaci buhun geron da aka ajiye don bazara, idan kuwa abin ya kai ga tiyata sai a jinginar da gona. Kwanakin da ake ɓatawa wajen haɗa kuɗin nan su ne sukan mayar da zazzaɓin yaro ya koma na ƙarin jini, su mayar da doguwar naƙuda ta ƙare da yoyon fitsari, har a dangana da asibitin Babbar Ruga. A Najeriya, fiye da naira 70 cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa take fitowa, kuma a ranar da suka fi ƙarancin halin biya.

Wannan bayani na rubuta shi ne domin 'yan majalisar jiha da ma'aikatan da ke tsara kasafin kuɗi da shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli, haka kuma domin mambobin kwamitocin raya mazaɓu da duk wanda yake son sanin abin da ya dace ya tambayi wakilinsa. Maganar tana da jigo ɗaya: a tara kuɗin magani tun kafin ciwo ya zo, gwamnati ta biya wa wanda ba ya iyawa, sannan a tabbatar kuɗin sun isa ƙaramin asibitin da ke kusa da shi a kan lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A fara da abin da doka ta riga ta tanada

Kafin a ƙirƙiro sabon shiri, wajibi ne a san abin da ke hannu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda aka fi sani da BHCPF, ta kuma ce a riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba. Kamar yadda dokar ta tsara tun asali, rabin kuɗin na sayen hidimar lafiya ne ga jama'a ta hannun hukumar inshora, kashi 45 na magunguna da gyaran ƙananan asibitoci da ma'aikata ne, kashi 5 kuma na agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, kimanin naira biliyan 55. Dokar ta kuma gindaya sharaɗin cewa jiha ko ƙaramar hukumar da ke son cin gajiyar asusun sai ta kawo nata kason, kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, saboda haka aikin farko na kwamitin lafiya a majalisar jiha shi ne ya tabbatar an rubuta wannan kaso a kasafi, an kuma sake shi tun farkon shekara.

A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya, wadda ta wajabta wa kowane mazaunin ƙasar shiga tsarin, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni. Katsina kuwa ta riga ta yi tata dokar tun 2018, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, wadda ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wato hukumar inshorar lafiya ta karo-karo. Ke nan akwai doka, akwai hukuma, akwai hanyar da kuɗin tarayya ke biyowa. Abin da ya rage shi ne faɗaɗawa, domin irin wannan tsari ya fi saurin kama ma'aikacin gwamnati wanda ake cire kasonsa daga albashi, alhali mafi yawan mutanen jihar manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, waɗanda ba su da albashin da za a cira.

Gwamnati ta biya wa marasa hali, daga asusun da ba a taɓawa

A nan ne nauyin aikin yake. Babu wata dabara da za ta sa bazawarar da ke riƙe da marayu biyar ta iya biyan kuɗin shekara na shiga tsarin, komai ƙanƙantarsa. Idan ana son ta shiga, sai wani ya biya mata, kuma wanda ya fi cancanta ya biya shi ne baitulmalin jiha. Ya kamata a fara da lissafi a fili. Jihar tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361. Mu ɗauka, don misali kawai, kuɗin mutum ɗaya a shekara naira 15,000 ne, aka ce za a ɗauki nauyin mutum 1,000 a kowace mazaɓa. Mutum 361,000 ke nan, kuɗinsu kuma naira biliyan 5 da miliyan 415. Adadin yana da nauyi, amma wanda ya saba duba kasafin jiha ya san akwai kwangilar titi guda ɗaya da takan wuce haka. Amfanin irin wannan lissafi shi ne yana fitar da magana daga bakin alkawari ya mayar da ita lambar da za a iya sa wa hannu, a kuma ƙara ta shekara bayan shekara.

Sai tambayar inda kuɗin za su fito. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a ɗaure kason da doka, ta yadda zai riƙa fita kai tsaye daga kuɗin shigar jiha duk wata, ba sai an rubuta takarda an jira amincewa ba. Maƙwabciyarmu Kano ta kafa asusun amana na lafiya a 2017, wanda doka ta ware masa kashi 5 cikin 100 na harajin cikin gida da kashi 1 cikin 100 na kason ƙananan hukumomi. Ghana kuma, tun dokarta ta 2003, ta ɗora ƙarin kashi 2.5 cikin 100 a kan harajin kayayyaki domin inshorar lafiya. Kowace hanya aka zaɓa, a rubuta abubuwa uku a cikin dokar: yawan kason, ranar da za a sake shi, da haramcin karkatar da shi zuwa wani aiki ko da da sunan aro ne. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma yana da kyau jiha ta kai wannan mizani, sai dai abin da aka saki ya fi abin da aka rubuta muhimmanci. A ganina kashi 10 da ya fita cif ya fi kashi 15 da ya tsaya a takarda amfani ga majinyaci.

A guji shelar cewa magani kyauta ne ga mata masu ciki da yara ba tare da an faɗi asusun da zai biya ba. Irin wannan shela takan jefa ma'aikacin ƙaramin asibiti cikin tsaka mai wuya, domin jama'a sun ji a rediyo cewa kyauta ne, shi kuma babu abin da aka aiko masa, sai a riƙa yi masa kallon mai cin amana. A ware kuɗin tukuna, a lissafa hidimomin da za su iya ɗauka, sannan a yi shela daidai da su.

Masu hali ma suna da wurin shiga. Ana iya buɗe ƙofar da attajiri ko ɗan siyasa ko ƙungiyar ci gaban gari za su biya wa mutum ɗari ko dubu na mazaɓarsu kuɗin shekara, a ba su shaida a rubuce, a kuma ba waɗanda aka biya wa katinsu a hannu. Waƙafi ya dace da wannan ƙwarai. Game da zakka kuwa, tunda tana da waɗanda aka ayyana a ba su, malamai ne za su zauna su fayyace yadda za a yi kafin a sa hannu.

Zaɓen waɗanda za a biya wa

Idan aka bar jerin sunaye a hannun 'yan siyasa kaɗai, kowa ya san inda zai nufa. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a haɗa rajistar marasa galihu da gwamnati ke da ita da tantancewar mutanen unguwa. A zauna a ƙofar gidan dagaci ko mai unguwa, da liman da wakiliyar mata da jami'in ƙaramin asibiti da kwamitin mazaɓa, a karanta sunayen a bainar jama'a, a ba da mako biyu don ƙorafi, sannan a liƙa jerin a bangon asibiti. Ruwanda ta taɓa shafe shekaru tana amfani da irin wannan tantancewa ta al'umma wajen gano gidajen da gwamnati za ta biya wa, kuma dalilin nasararta a bayyane yake, wato maƙwabci ya fi kowane jami'i sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba. A ba da fifiko ga masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tsofaffi da naƙasassu da masu sikila da waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu.

Akwai abubuwa biyu da sukan tare talaka a bakin ƙofa. Na farko lambar shaidar ɗan ƙasa ce, wadda ake nema wajen rajista alhali mata da tsofaffi da yawa a ƙauyuka ba su da ita. Maganin wannan shi ne masu rajistar lafiya su fita tare da masu yin katin ɗan ƙasa a rana ɗaya, musamman ranar kasuwa da ranar awon ciki. Na biyu kuma ma'anar iyali ce. Tsarin da aka gada daga inshorar tarayya yana lissafa miji da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A Katsina ko Daura, inda magidanci kan kasance da mata biyu ko uku da 'ya'ya goma, ga tsohuwa a ɗaki, wannan ma'auni yana nufin a tilasta wa uba ya zaɓi waɗanda za su sha magani cikin 'ya'yansa. Bai kamata doka ta sa mutum a wannan hali ba. A tsara ƙarin kuɗi mai sauƙi a kan kowane mutum da aka ƙara, kuma ga marasa hali a yi rajistar kowa da kansa.

Manomi da ɗan kasuwa mai ɗan hali suna iya biya wa kansu idan aka zo musu ta inda suka saba. Manomi da kaka yake da kuɗi, saboda haka a karɓi nasa na shekara gaba ɗaya bayan girbi. Mai shayi da ɗan acaɓa da mai ɗinki kullum suke samu kaɗan-kaɗan, saboda haka a bar su su riƙa zubawa kamar adashi ta hannun ƙungiyoyinsu ko ta waya. A kuma kula da suna. Mutane da yawa suna ɗari-ɗari da kalmar inshora saboda shakkun halaccinta, shi ya sa jihohin Arewa suka kira tsarin taimakekeniya. Ya dace a nemi limamai su bayyana a majalisunsu cewa karo-karo ne wanda mai lafiya ke tallafa wa marar lafiya da shi, kuma wanda shekara ta zagayo bai kwanta ba ya gode wa Allah, kuɗinsa sun yi wa ɗan'uwansa amfani.

Kuɗi su isa asibiti, magani ya kasance a kan kanta

Na taɓa raka wata 'yar'uwata wani ƙaramin asibiti da katinta a hannu. An duba ta cikin mutunci, aka rubuta magani huɗu, aka ba ta ɗaya, sauran ukun aka ce babu, sai ta tsallaka titi ta saya a kemis. A hanyarmu ta komawa ta tambaye ni amfanin katin, na rasa amsar da zan ba ta. Mutum ɗaya da ya ga haka yakan hana mutum goma yin rajista, kuma babu tallar rediyo da za ta gyara wannan ɓarna.

Ƙananan asibitoci ana biyansu ne bisa kai, wato hukumar taimakekeniya tana ba asibiti ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ya yi rajista a wurinsa, ko ya zo ko bai zo ba. Manyan asibitoci kuma ana biyansu bisa aikin da suka yi, kamar tiyata ko ƙarin jini ko kwanciya. Kuɗin kai dole su shiga asusun asibitin kafin watan ya kama, domin da su ake sayen maganin da za a bayar a cikinsa. Takardun manyan asibitoci kuma a sa musu wa'adin biya a doka, misali kwana 30, a kuma riƙa sake duba farashi duk lokacin da kuɗin magani ya tashi. Ghana ta ɗanɗana illar jinkiri, domin an sha samun lokutan da bashi ya taru na watanni har asibitoci suka koma karɓar kuɗi a hannun masu kati. Idan hukuma ta biya a kan kari, tana da bakin da za ta tsawata wa asibitin da ya ce babu magani, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Game da maganin kansa, a sayo shi a dunƙule ta hannun hukumar magunguna ta jiha, kai tsaye daga kamfanonin da ke da rajistar NAFDAC, domin sari ya fi sayen ɗai-ɗai rahusa, kuma ya fi sauƙin tsarewa daga jabu. Tsarin asusun magani mai juyawa, wato wanda ake mayar da kuɗin maganin da ya fita a sayo wani, wanda aka yi yarjejeniyarsa a Bamako a 1987, yana aiki matuƙar ba a taɓa uwar kuɗin ba, amma duk ranar da aka ara daga ciki don biyan wani abu dabam, daga ranar kanta take fara bushewa. A raba asusun magani da sauran asusun asibiti, a sa shugaban kwamitin mazaɓa cikin masu sa hannu. Akwai magungunan da bai halatta a wayi gari babu su ba a duk inda ake karɓar haihuwa: allurar tsayar da zubar jini, wadda zafi ke lalatawa idan babu firji, da allurar jijjiga, da ruwan ƙari. Saboda haka firji mai aiki da hasken rana yana cikin lissafin magani.

Rigakafi kuma yana rage wa asusun nauyi. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata a lokacin damina, Katsina tana cikin wuraren da aka fara gwada shi a ƙasar nan a 2013. Duk yaron da ya sha bai kwanta ba, an huta da kuɗin gado da na jini. Ya dace jiha ta riƙa sa nata kuɗin a irin waɗannan ayyuka, kada su dogara kacokan ga masu tallafi daga waje, waɗanda ke iya janyewa a kowane lokaci.

Ma'aikaci da hanya

Gwamna Dikko Umaru Radda ya sa burin samar da asibitin matakin farko mai aiki a kowace mazaɓa cikin 361, kuma manufa ce da ta dace da duk abin da aka faɗa a sama. Sai dai kalmar mai aiki tana nufin a ƙwanƙwasa ƙofa ƙarfe biyun dare a sami ungozoma. Jihar tana da makarantun koyon aikin lafiya a Kankia da Daura, da ta ungozoma a Malumfashi. A ba kowace mazaɓa gurbin karatu ga 'yarta, a ɗauki nauyinta, a rubuta yarjejeniyar cewa za ta dawo ta yi aiki a gida na wasu shekaru. Wadda iyayenta ko mijinta ke garin ba ta neman canjin wurin aiki, kuma mata sun fi sakin jiki da ita. Wanda aka turo daga nesa kuma a ba shi ɗakin kwana a harabar asibiti da alawus na zaman karkara da ke fita tare da albashi. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, ya zama dole jiha da ƙananan hukumomi su rubuta a fili wanda zai biya albashin ma'aikatan ƙananan asibitoci da wanda zai ɗauki sababbi, don kada ma'aikaci ya faɗa tsakanin iyayen gida biyu.

Kuɗin mota ma kuɗin asibiti ne. Matar da naƙuda ta tsananta mata a ƙauyen Baure ko Sabuwa, ko da tiyatar kyauta ce, sai ta sami abin hawa kafin ta amfana. An taɓa gudanar da shiri a Katsina da wasu jihohin Arewa inda direbobin tasha suka ɗauki nauyin kai masu naƙuda asibiti da gaggawa. A raya shi, a sa kuɗin mai cikin abin da taimakekeniya ke biya, a liƙa lambobin direbobin a masallaci da gidan mai unguwa. A ƙananan hukumomin da matsalar tsaro ta taɓa, kamar Jibia da Batsari da Safana da Faskari, inda mutane da yawa suka koma wasu garuruwa, a bar kati ya bi mai shi: wanda ya yi rajista a ƙauyensu ya iya sauya asibiti cikin kwana kaɗan, kuɗin kansa kuma su bi shi zuwa inda ya sauka.

Abin da za a riƙa bayyanawa

Duk wata uku hukumar taimakekeniya ta fitar da rahoto da Hausa, a karanta a gidan rediyon jiha, a liƙa a kowane asibiti. Ya nuna adadin waɗanda suka yi rajista a kowace ƙaramar hukuma, da adadin waɗanda suka zo aka duba su, da kuɗin da gwamnati ta saki da ranar da ta sake su, da bashin da asibitoci ke bi. Yawan masu rajista shi kaɗai yana iya ruɗar mutum, domin ana iya samun sunaye dubu a littafi alhali rabinsu ba su san asibitin da aka haɗa su da shi ba. A bangon kowane asibiti kuma a rubuta da manyan haruffa, da boko da ajami, hidimomin da mai kati ba zai biya ko kwabo a kansu ba, tare da lambar waya ta kyauta ta kai ƙorafi. Kwamitin mazaɓa ya ware rana ɗaya a wata ya shiga ɗakin magani da littafin kaya a hannu, ya ƙirga abin da ke kan kanta, ya gwada da abin da aka rubuta an kawo, sannan shugaban kwamitin da jami'in asibitin su sa hannu tare kafin a aika da kwafi zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma.